Safar hannu ba laya ba ce: yaushe ake sa ta, yaushe ake cire ta

Watan jiya na yi kwana huɗu ina jinyar kawuna a wani asibiti nan cikin garin Katsina, ciwon suga ne ya taɓa mashi ƙafa, kuma duk wanda ya taɓa kwana ɗakin marasa lafiya ya san ba ka da aiki sai kallon mutane da korar sauro. Rana ta biyu da hantsi wata nas ta shigo da abin awon hawan jini, ta matsa sanitaiza ta murza hannu sosai har tsakanin yatsu, ta nufi wani dattijo da ke gadon kusa da mu. Kafin ta ɗaura mashi abin sai ɗanshi ya miƙe, wai "Haba Sista, haka za ki taɓa mana Baba da hannu tsirara? Ina safar hannunki?" Ta ce "Malam awon jini ne fa kawai, kuma gabanka na tsabtace hannuna." Bai yarda ba, ya yi ta ƙunƙuni wai an raina talaka, da asibitin kuɗi ne ai ba za a yi masu haka ba.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wani ma'aikacin ya shigo, hannu biyu cikin farar safa gwanin sha'awa. Ina kallonshi. Ya buɗe bandejin wani mai gyambo a gadon farko ya leƙa ya mayar, wayarshi ta yi ƙara ya zaro daga aljihu ya amsa, ya ɗauki biro ya yi rubutu cikin fayil, ya gyara ma wani robar ƙarin ruwa, sannan ya iso wurin dattijon nan ya dafa mashi goshi ya ja fatar idonshi ya duba, duka da safa guda, bai canza ba. Wallahi mai ƙorafin nan har godiya ya yi mashi, ya juyo ya ce mani ka ga wanda ya san aikinshi.

To mu da muka ɗan zauna ajin koyon aikin lafiya mun san wadda aka yi ma faɗa ita ta yi daidai, wanda aka gode mawa kuma shi ya kwaso abin da ke cikin gyambon wani ya kai idon Baba. Matsalar ita ce mun ɗauki safar hannu kamar laya, da an gan ta a hannu shi ke nan hankali ya kwanta, alhali roba ce kawai, duk abin da zai manne a fata zai manne mata, bambancin kawai ita ana iya cire ta a yar. In ba a cire ba kuwa an yi ba a yi ba.

Asalinta ma ba don mara lafiya aka fara ta ba. Wajen 1889 zuwa 1890 a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka akwai wani likitan tiyata William Halsted, nas ɗin da ke taimaka mashi a ɗakin tiyata Caroline Hampton hannunta ya lalace saboda magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi da suke tsoma hannu ciki lokacin, sai ya sa kamfanin roba na Goodyear ya yi mata safa siririya. Daga baya ma aurenta ya yi, kun ga abin da walakin. Sai da aka ɗan jima sannan aka lura ashe raunin waɗanda aka yi ma aiki da safa bai cika ruɓa ba. Yawan sa ta barkatai da muke gani yanzu kuma ya samo asali ne daga shekarun 1980 da ƙanjamau ta bayyana, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a riƙa ɗaukar jinin kowa kamar yana ɗauke da cuta tunda ba a goshi ake rubutawa ba. Wannan ƙa'idar har gobe tana nan kuma gaskiya ce. Amma wanke hannu ya girme ta nesa ba kusa ba, tun 1847 wani likita Ignaz Semmelweis a birnin Biyana ya nuna mata masu haihuwa sun rage mutuwa sosai da ya tilasta ma likitoci wanke hannu da ruwan kulorin bayan sun fito daga ɗakin gawa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara mai sauƙi ne in ka kama bakin zaren. Ka tambayi kanka, aikin nan da zan yi hannuna zai haɗu da jini, ko fitsari, bahaya, amai, majina, mugunya, ruwan haihuwa, ko buɗaɗɗen ciwo, ko cikin baki da gaban mutum? In eh ne ka sa. Ɗibar jini, sa allurar ƙarin ruwa da cire ta, wankin ciwo, duba mai ciki ta ƙasa, zubar da fo, goge jinin da ya zuba ƙasa, kwashe shara, duk sai da safa. Amma awon hawan jini, awon zafin jiki, jin bugun jijiya, miƙa ƙwayar magani, tura keken mara lafiya, rubutu a fayil, waɗannan hannu mai tsabta suke so. Abin da zai ba mutane mamaki har allurar ɗuwawu da ta kafaɗa irin ta rigakafi hukumar ba ta ce dole a sa ba matuƙar fatar mai yi da ta wanda za a yi mawa lafiya lau suke, shi ya sa in ka kai yaro rigakafi ka ga ba a sa ba kada ka tada jijiyar wuya, ka dai sa ido ka ga an tsabtace hannu kuma an ɓare sabon sirinji gabanka. Inda lissafin ke canzawa shi ne in mara lafiya na da cutar da ake ɗauka ta taɓawa, irin wanda aka keɓe, nan kam tun daga ƙofa ake sawa.

Kuma safa ɗaya mutum ɗaya ce, kai wani lokacin ma jikin mutum ɗaya sai ka canza, ka gama wanke ma tsoho bahaya ba za ka wuce da ita ka taɓa bakin allurar da ke hannunshi ba. Ba a wanke ta a sake sawa, ba a shafa mata sanitaiza a ce an sabunta ta. Na san abin da wani ma'aikacin zai ce, kwali ɗaya aka ba mu na sati kuma mutane sun fi hamsin a layi, kuma ban ƙaryata shi ba, mu ma mun ga yadda ake rubuta ma mai ciki jerin kayan haihuwa ta sawo da kanta, safar hannu, auduga, leda, ruwan bilic. To amma ai wannan ƙarancin shi ne babban dalilin da zai sa a daina ƙona ta wurin awon jini da riƙe biro, a aje ta don inda jini yake.

Wurin cirewa nan ne ake yawan kwaɓa ta. Ka kama bayan ta hannu ɗaya wajen wuyan hannu ba tare da ka taɓa fata ba, ka ja ta juye ciki ya koma waje, ka dunƙule ta cikin ɗaya hannun mai safa, sannan ka zura yatsa ta cikin wadda ta rage ka juyo ta ta haɗiye ta farkon, sai kwandon shara. Daga nan sai wanke hannu, ba zaɓi ba ne. Dalili kuwa safa na iya samun ƙananan huji da ido ba ya gani, wurin cirewa ma ana shafo abin da ke bayanta, ga zufa da ɗumi da suka taru ciki musamman zafin nan namu na watan Afrilu da in ka cire sai ka ga yatsu sun yi fari sun yamutse kamar ka wuni wanki. Da sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60, da sanitaiza 20 zuwa 30, kuma kafin a sa ma haka, a bari hannu ya bushe tukun.

Su kansu safofin ba ɗaya ba ne. Akwai ta tiyata wadda ke zuwa cikin takarda a like, dama daban hagu daban, an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke jikinta, ita ake sawa wurin tiyata da karɓar haihuwa. Akwai ta cikin kwali da ake zara ɗaya-ɗaya, mai tsabta ce amma ba ta kai waccan ba. Ta fuskar abin da aka yi su da shi kuma, farar nan mai talewa ta ƙaron itacen roba ce, lateks suke ce mata, tana kama hannu da kyau amma wasu jikinsu ba ya shiri da ita, ƙaiƙayi, borin jini, atishawa, wani har numfashi ya sarƙe. Mai irin wannan sai ya koma ma naitiril, wadda aka fi gani shuɗiya, ta fi jure mai da sinadarai kuma in ta huje takan yage ka gani. Ta uku mai kama da leda sakwaf-sakwaf ita ce mafi arha kuma mafi rauni. Mai hoda a ciki da ke cike da kemis ɗinmu, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana amfani da ita a asibitocinsu tun ƙarshen 2016 saboda hodar na kwasar sinadarin robar ta tashi da shi iska, kuma in ta shiga rauni tana kawo kumburi. Wani ƙaramin abu da hunturu ke jawowa, hannu ya yi kaushi ka lafta Vaseline ko man kaɗanya ka zura farar safa, to maiƙo yana cin wannan robar, ka raunana ta tun ba ka fara aiki ba. Dogon farce da zobe su ma haka.

Sai maganar allura, wadda ita ta fi tsorata ni. Safar hannu ba ta hana tsini shiga, ko kaɗan. Abin da take yi ta ɗan share wani abu daga jinin da ke bayan allurar, shi ya sa likitocin tiyata kan ninka biyu. In allurar da aka yi ma mai cuta ta soke ka, haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan 0.3 ne cikin 100, wato wajen mutum 3 cikin 1000, amma ciwon hanta nau'in B ga wanda bai yi rigakafi ba yana iya kaiwa 30 cikin 100. Mu kuma ƙanjamau muke tsoro mun manta da na hanta wanda ƙwayarshi ke iya kwana 7 da rai cikin busasshen jini a kan tebur ko aska. Rigakafinshi allura uku ce, duk mai taɓa jini ya kamata ya yi, daga nas har mai shara. Kuma kada a mayar da murfin allura da hannu biyu, nan ake yawan sokewa, a jefa ta kai tsaye cikin kwalin nan na allurai. In tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, kada a tsotsa kada a zuba bilic, a faɗa ma na gaba nan take ba a ɓoye don kunya ba, domin maganin kariyar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, gara ma cikin awannin farko, a sha kwana 28.

Zazzaɓin Lassa da ake ta sanarwa duk rani sunan wani gari ne a jihar Borno inda aka fara gane shi a 1969, kuma ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda aka san ya kashe. Shekara ta gaba likita Jeanette Troup ta asibitin mishan da ke Jos ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta bi. Farkon 2020 nan Kano kusa da mu an rasa likitoci ta dalilinshi. Ebolar da ta shigo Legas a watan Yulin 2014 mutum 20 ta kama ta kashe 8, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana mai cutar fita asibiti. Irin waɗannan cututtukan safa kaɗai ba ta isa, sai da riga da takunkumi da abin kare ido, amma ita ce ta farko.

Mu dawo gida, don mafi yawan jinya a ƙasar nan ba a asibiti ake yin ta ba, a ɗaki ake yi, kuma mata ke yi. Wadda ke canza ma tsohuwa ƙunzugu, wadda ke kwashe aman mai amai da gudawa lokacin damina, ungozomar da ke karɓar haihuwa ta yanke cibi ta wanke ƙyallayen jini. Na sha jin ana cewa ai uwata ce ya zan sa safa kamar ina ƙyamarta. Ba ƙyama ba ce, in ke kika kwanta wa zai duba ta? Kuma daga nan hannun nan tuwo zai je ya kwasa ma yara. In babu safa ko leda mai kauri aka zura aka ɗaure ta fi babu, a dai wanke hannu bayan nan. Wanzamai su ma, mai kaciya da ƙaho da cire beli, jini ne sana'arsu, ga aska na yawan ɗan shafar yatsa. Wankan gawa kuwa dama malamai sun ce a naɗe hannu da ƙyalle wurin wanke al'aura, to sa safa ƙarƙashi bai saɓa ma komi ba, in kuma Lassa ake zargi ko makamancinta a bar ma jami'an lafiya su jagoranci abin.

Mahauta da masu fiɗar layya, yanka a hannu ba ya rabuwa da su, kuma akwai cututtukan dabba da ke shiga ta nan. A Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks a wata gona a Suleja, wadda ɗaya daga hanyoyin kamuwa da ita shi ne taɓa jini ko fatar dabbar da ta mutu da ita. Makiyayin da ke zura hannu ya jawo ɗan maraƙi ko ya kwashe mahaifar akuyar da ta yi ɓari shi ma yana cikin haɗarin ɗaukar cutar bakkale.

A gona kuma labarin ya juye, nan safar da ba ta dace ba ta fi babu illa. Je ka wajen masu noman rani a Ajiwa ko Jibiya ka ga yaro goye da tankin feshi yana ɗiga mashi a baya, ya buɗe robar maganin ƙwari ko na ciyawa ya auna da murfi yana zuba a yatsunshi, ya motsa da kara, ya gama ya goge hannu a wando ya ɓare goro. Da yawan magungunan nan irin dangin fiya-fiya ta fata suke shiga jini, kuma lokacin haɗawa ya fi lokacin feshin haɗari tunda maganin tsagwaronshi ne ba a sirka ba. Jiri, ciwon kai, yawan miyau da zufa, ido ya riƙa gani dishi-dishi, sai a ce rana ce ta buge shi. Wani don ya kiyaye sai ya sa safar ulu ta sanyi ko ta fata irin ta 'yan acaba, ita kuma ta shanye maganin ta riƙe mashi a fata wuni guda, gobe ya sake sawa. Abin da ake so roba mai kauri mai tsawo zuwa kusa da gwiwar hannu, marar shafin auduga a ciki, a wanke bayanta tun tana hannu kafin a cire, kuma kada a haɗa ta da wankin gida.

Wannan magana ta cewa kowane sinadari da safarshi ba wasa ba ce. A 1996 wata farfesar kimiyya a jami'ar Dartmouth ta Amurka, Karen Wetterhahn, 'yan ɗigo na wani sinadarin makuri, wato zaiba, suka zuba mata a kan farar safar da ta sa, ta bi duk ƙa'idar da aka sani lokacin, ashe abin ya ratsa robar cikin daƙiƙoƙi, a watan Yunin 1997 ta rasu. Namu bai kai nan ba amma hanyar ɗaya ce, farar safar asibiti in ta haɗu da fetur ko baƙin mai ko tinar sirka fenti sai ta saki ta yi laushi, bakanike da mai fenti naitiril ya dace da su. Birkila da leburan da ke kwaɓa siminti da hannu, ɗanyen siminti kaifi gare shi sosai, ba ya zafi lokacin, sai dare ka ga fata ta tsattsage ta ƙone, in kuma ya shiga cikin safa ya zauna ya fi muni. Matan da ke haɗa sabulu da soda a gida, masu shafa ma mutane man gyaran gashi da baƙin rini a shago sau goma a rana, masu zuba ruwan batir, duk roba mai kauri suke so. Mai walda tashi ta fata ce, roba narkewa za ta yi ta manne.

Akwai kuma inda ake cewa cire ta gaba ɗaya. Duk injin da ke juyawa, injin niƙa da markaɗe, bel ɗin janareto ko na injin ban ruwa, injin casar masara, zarton katako na 'yan katako, injin huda ƙarfe. Hannu tsirara in ya goga yana iya tsira da ƙujewa, amma in bakin safa ya kama, injin ba zai saki ba, zai ja yatsu ya bi da hannun. Hannun riga mai faɗi da gyale ma haka. Lantarki kuma tashi safar daban ce, an rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka a jikinta, akwai mai 500, mai 1000, har mai bolt 36,000 ta manyan layuka, ana hura mata iska a duba huji kafin a sa. Safar wanke-wanke ko ta asibiti ba ta cikin wannan lissafin, kada wani ya zura ta ya hau falwaya wai zai gyara ma unguwa wuta.

Masu abinci ba zan daɗe kansu ba. Tun zamanin korona aka koyi sa baƙar safa wurin tsire da shawarma, kyau gare ta a hoto, amma da ita ake karɓar kuɗi a ba da canji a danna POS a koma kan nama. Mai ƙosan da ke da buta da sabulu gefenta kuma tana ɗauka da cokali ta fi mani shi.

Ranar da aka sallami kawu, mun fito ta bayan asibitin muna neman Keke Napep, sai na hangi yara uku bakin bola, ɗaya ya tsinci farar safa ya hura ta ta kumbura yatsu biyar tsaye kamar hantsar saniya, sauran na bin shi a ba su su ma su hura. Na ce kai yaro yar da wannan, ya dube ni ya ce Baba ai balan-balan ce. Sai da na saya masu alawa a teburin da ke wurin sannan ya yarda ya sake ta, mai teburin ya zuba masu ruwa a buta da ɗan garin Omo suka wanke hannu da baki, ni kuma na sa kara na tura ta cikin ramin da ake ƙona shara.